Duwatsu Tara na Papa Anatol

Kullum in na zauna a bakin shagona a unguwar Derrière la Prison, sai wani daga cikinku, ku 'ya'yanmu da aka haifa a Gabon, ya tsaya ya ce mini, "Baba Isuhu, aikinku ai ba wuya: a ɗauki dutse, a ajiye dutse." Makon jiya ma wani ya ce in ba shi wata ɗaya ya koya, wai ya riga ya ga yadda ake yi a waya. To ku samu wuri ku zauna. Shekara talatin da wani abu ke nan ina ƙawata gidajen mutane da dutse, kuma zan gaya muku abin da ke cikin ɗauka da ajiyewa.

Ni Ba'adare ne, daga wani ƙauye a bayan Buza. A wajenmu dutse ba abin ado ba ne, abin tsinewa ne. Kafin ka shuka gero sai ka yini kana kwashe shi daga gona, shekara na zagayowa ka tarar ya haihu. Saboda haka ranar da na sauka Libreville aka ce mini masu hali a nan sayen dutse suke yi su jera a tsakar gida don a kalla, na ɗauka ba'a ce irin wadda ake yi wa baƙo. Da na gani da idona a Batterie IV, unguwar masu kuɗi, sai na aika wa babana saƙo cewa ya daina zagin gonarmu, a kan arziki muke zaune, mota ce kawai ba mu da ita.

Aikina na farko katangar wani gida ce a kan gangare, kusa da teku, a hannun wani tsohon magini ɗan Togo da ake kira Papa Kwajo. Wata uku bai bar ni na taɓa siminti ba. Aikina in juya duwatsu in ware su. Ya ce kowane dutse yana da fuska, yana da baya, yana da gindin da yake son zama a kai, kuma wanda bai iya gane ukun nan ba gara ya koma tallan albasa. Shi ya koya mini guduma uku: babba ta fasawa, matsakaiciya ta gyara, da ƙarama wadda ba a aiki da ita sai dai a ƙwanƙwasa dutse a saurara. In ya yi ƙara siririya, lafiyayye ne. In ya yi ƙara kamar an bugi kabewa, akwai tsaga a cikinsa, ko da ido bai gani ba. Sai kurfi na sassaƙa, da baramin, wato dogon sandan ƙarfen nan na ɓanɓara, da igiyar gwada tsayuwa, da ƙarfe mai ƙafa uku da ake rataya sarƙar ɗaga kaya.

Ranar da ya fara ba ni gini, na kifa wani dutse a kan fuskarsa tun a layin farko. Ya gani. Ya bar ni na yi ta ɗorawa har katangar ta kai ƙirjina, ina ta satar kallonsa ko zai yaba. Da la'asar ya zo da baramin, ya zura a ƙarƙashin dutsen nan ɗaya, ya danna da hannu ɗaya kamar mai buɗe kwalbar lemo. Katanga ta zube gaba ɗaya. Ya ce, "Gara ni da ruwan sama. Ni na bari ka matsa tukuna." Kun dai san ruwan garin nan, ba irin na Adar ba ne da ake roƙo da addu'a. Wannan in ya tarar da dutsen da bai zauna a gindinsa ba, sai ya kai shi gidan maƙwabci.

Bayan na fara cin gashin kaina na ga masu ba da aiki iri-iri. Akwai wata madam da ta ce in yi mata ruwa mai zubowa daga saman duwatsu, amma kada ya yi ƙara. Akwai wanda ya sa na jera masa duwatsu sau huɗu, a ƙarshe ya zaɓi jeri na farko, ya kuma ce da na saurare shi tun da fari da ba mu wahala ba. Duk wannan ba komai ba ne. Abin da nake son ba ku labari shi ne duwatsu tara.

Wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, shi ne ke kawo mini duwatsu a lokacin, Halidu, mutumin Maraɗi. Yana kai kaya can cikin ƙasa inda ake aikin hanya, in zai dawo ba kaya sai ya tsinto mini duwatsun bakin kogi. Wata safiya ya tsaya a ƙofar shagona yana murmushi tun kafin ya kashe mota. Na leƙa baya. Duwatsu tara ne kwance a kan tsofaffin tayoyi, dogaye, kowane zai kai ƙugun mutum, ja-ja masu duhu. A fuskar kowane akwai zane, zobe cikin zobe, kamar yadda ruwa ke yi in ka jefa tsakuwa a tafki. Na shafa da tafin hannu na san ruwa ba ya yin wannan. Hannun mutum ne.

Na ce, "Halidu, ina ka samo waɗannan?"

Ya ce, "Kamfanin hanya ne ya ture su gefe. Da ban ɗauko ba da yanzu an niƙe su tsakuwa."

Tambaya ta biyu ta zo mini har bakin harshe: wane irin katafila ne ke ture dutse bai bar masa ko ƙwarzane ba? Na dubi duwatsun, na tuna gidaje uku da ke jiran aikina, na haɗiye ta.

Biyar na kafa a gidan wani tsohon darakta a Batterie IV, kewaye da tafkin kifinsa. Uku na kai gidan wani ɗan kasuwa ɗan Lebanon. Matarsa ta sa na kafa biyu a bakin ƙofa, na ukun kuma ta ce ya yi tsawo, a raba shi biyu a yi mata matakalar shiga lambu. Na sa injin yanka na raba shi. Minti goma bai ɗauke ni ba. Na ƙarshen, wanda ya fi gajarta, Alhaji Bala ya gani a shago. Bakano ne, ɗan kasuwa, yana da gida a unguwar Okala. Ya ce in kwantar masa da shi kusa da famfo ya riƙa zama yana alwala.

Wata huɗu bayan nan aka kawo mini takarda mai hatimi. Faransancina na kasuwa ne, na baki kawai, don haka na miƙa wa 'yata Rakiya da ta yi lakwal, wato makarantar boko, a nan. Ta karanta, ta sake karantawa, ta ɗago kai ta ce, "Baba, me ka sata?"

Sammaci ne daga ofishin da ke kula da kayan tarihi. Na sa babbar rigata ta Juma'a na tafi. Wadda ta karɓe ni wata 'yar guntuwar mace ce mai takalman shiga daji, sunanta Madam Odet. A gefenta wani tsoho yana zaune cikin tsohon kwat, hularsa a kan gwiwa. Ta ce, "Mushe Isuhu, zauna." Kun san haka suke kiran kowane namiji, ba zagi ba ne, amma a ranar sunan ya dace da ni.

Ta shimfiɗa hotuna biyu a tebur. Na farko wani tudu ne cikin ciyawa, da duwatsu goma sha huɗu a tsaye sun yi da'ira, kamar dattawa a wajen shawara. Na biyu tudun ne dai, amma duwatsu biyar kawai, da ramuka tara a tsakaninsu kamar bakin tsohuwa. Ta ce wurin yana cikin wuraren da hukuma ke karewa, har an kafa allo an rubuta kada a taɓa. Na ce wataƙila Halidu bai ga allon ba. Ta ce ya gani, don allon ne ma shi da mutanensa suka cire suka shimfiɗa suka mirgina duwatsun a kai zuwa cikin mota.

Na tambaya ko kaburbura ne. Ta ce ba wanda ya sani tukuna: ko kaburbura, ko wurin taro, ko wani abin da ba mu da sunansa. Abin da aka sani kawai, an kafa su tun kafin ƙarfe ya yawaita a hannun mutane. Sai tsohon ya yi magana. Sunansa Papa Anatol, shi ne dattijon ƙauyen da ke gindin tudun. Ya ce, "Ba namu ba ne. Kakanninmu a nan suka tarar da su. Amma baƙon da ya tarar da mutane zaune, ai gaishe su yake yi. Mu gaisuwa muke yi, muna share musu ciyawa. Yanzu na je gaisuwa na tarar tara sun yi tafiya ba sallama."

Madam Odet ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ko duwatsun su koma wurinsu kafin babban ruwa ya sauka ya cike ramukan, ko takardata ta wuce kotu, kuma in ta wuce, kartar izinin zamana a ƙasar nan za ta bi ta. Mata da 'ya'ya biyar gare ni a garin nan. Na fito na buga wa Halidu waya. Ya ce yana Kongo, layin ba kyau. Har yau layin bai gyaru ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. A bakin masallaci an ce Isuhu duwatsun matattu yake sayarwa. A tashar taksi an ce kawunan mutane ne suka zama dutse. Aiki ya tsaya cak. Waɗanda suka ba ni aiki suka janye, waɗanda na gama wa aiki tun shekaru suka fara kirana in zo in kwashe kayana. Wata madam ta rantse tsakuwar da na zuba mata a hanyar gareji tana nishi in an taka. Na ce mata tsakuwa dama haka take yi. Ta ce a'a, wannan da sunanta take kira. A waccan shekarar babur ɗina ya tafi, injin yankana ya tafi, Rakiya ce ta riƙe gidan da ɗinkinta.

Na fara da gidan darakta. Ya saurare ni yana jefa wa kifi abinci, sannan ya ce ko alama. Ya ce ya riga ya gaya wa baƙinsa daga Italiya aka kawo duwatsun a jirgin ruwa, yanzu ya ce musu me? Madam Odet ta aika masa takarda, ya ce shi ma a zamaninsa ya aika irinta ɗari, ya san inda suke ƙarewa. Na koma sau uku, sau uku maigadi yana ce mini ba ya nan, alhali ina hango ƙeyarsa ta taga.

Papa Anatol yana zaune a gidan ɗansa a nan birni yana jiran abin da zai faru. Da na gaya masa, sai ya ɗauki hularsa ya ce in kai shi. Maigadi ya ga tsoho cikin kwat, ya ɗauka kawun maigida ne, ya buɗe. Tsohon bai nemi kowa ba. Ya wuce kai tsaye bakin tafki, ya cire hula, ya bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya yana gaishe su da harshensu, kowane da sunansa, yana ɗan jira kamar ana amsa masa. Darakta ya fito da wandon barci, matarsa a bayansa.

Papa Anatol ya rusuna ya ce, "Mushe, ba rigima ta kawo ni ba. Na ga kana kula da su, har da ruwa da kifi. Na gode. Sunanka kawai nake so, da sunan mahaifiyarka."

Darakta ya ce, "Na mahaifiyata? Don me?"

"Don in gaya musu a gidan wa suke. Tunda za su daɗe a nan, ya kamata su san wanda za su riƙa nema in suna da bukata."

Matar darakta ta kama hannun mijinta ta ja shi ciki. Mun ji muryarta har bakin titi. Ba mu kai ga samun taksi ba maigadi ya biyo mu da gudu, wai maigida ya ce in za a iya yau, kada a kai gobe. Da muka kafa ƙafa uku muna ɗagawa, darakta da kansa ya riƙe igiya. Ya ce mini a hankali, "Ka san ni ban yarda da irin waɗannan abubuwa ba." Na ce na sani, ranka ya daɗe, ja ta hagu.

A mota na tambayi tsohon ko da gaske duwatsun suna neman mutane. Ya ce, "Shekara saba'in ina gaishe su, ba su taɓa neman ko ruwan sha ba. Ni dai suna na tambaya."

Gidan ɗan Lebanon ba a yi gardama ba, amma gara gardamar. Matarsa ta sa an shafe biyun da ke ƙofa da farin fenti na mai, har shafi uku, don su dace da katanga. Na ɗauko burushin ƙarfe da ruwan batir zan kankare. Madam Odet da ta zo dubawa ta yi ihun da ban san jikinta zai iya ɗauka ba. Ta ce ba ƙarfe, ba ruwa mai ci, ba wuta. Ta ba ni wani ruwa mai sanyin aiki, da auduga, da tsinkayen itace irin na tsire. Mako uku ina zaune a gaban shagona, ƙato da ni, ina sakace wa dutse haƙori da tsinke, masu wucewa suna tsayawa kallo daga nesa. Amma a nan na fara ganin aikin da kyau. Zoben nan ba a yanka shi ba, dabbara shi aka yi, bugu bayan bugu, dutse a kan dutse, ɗigo dubbai a jere, kuma ba inda hannun ya kauce. Ni da kurfin ƙarfe ba zan yi rantsuwar fitar da shi haka ba.

Matakalar kuma, na ciro ta a ɓoye na lulluɓe da buhu. Ban gaya wa kowa an raba dutsen ba. Na ce a raina sai mun isa.

Saura Alhaji Bala. Na same shi a Okala yana zaune a kan dutsen, da buta a hannu. Na yi masa bayani tun daga farko. Ya ajiye butar a hankali.

"Malam Isuhu, kana nufin wata huɗu ina alwala a kan gunki?"

"Alhaji, ba a ce gunki ba ne. An ce ba a sani ba."

"To ai rashin sanin ya fi muni! Sallolina fa?"

Ya miƙe ya shiga mota sai gidan malaminsa. Malam ya ce masa dutse dutse ne, alwalarsa ta yi, ya mayar wa mutane kayansu. Na ɗauka an gama. Washegari na zo da mota na tarar da shi zaune a kai kuma. Ya kawar da kai ya ce, "Gaskiya ita ce, tun da na fara zama a kansa ciwon gwiwata ya tafi. Na je Kamaru, na je Masar, ba a dace ba. Ba cewa na yi dutsen ne ba, Allah ne. Amma dai a bar shi."

Na tsuguna na dube shi da kyau. Na auna tsayin dutsen da taƙi, na tambayi abin da yake zama a kai da. Ya nuna mini wata 'yar kujerar roba da ko jinjiri zai raina. Mutum mai nauyin buhu biyu yana naɗe gwiwa a kanta sau biyar a yini! Na je na samo dutsen kogi na banza, na sassaƙa shi daidai tsayin wancan, na kawo. Ya zauna, ya miƙe, ya sake zama. Ya ce, "To ka ɗan yi masa zanen nan mana, ko guda ɗaya." Na ce Alhaji, malam fa. Ya ce, "Ado nake nufi."

Ranar tafiya na ƙi sa sarƙa a jikinsu, don sarƙa cizo take yi. Da igiyar jirgin ruwa muka ɗaga su, muka kwantar a kan tsofaffin katifu da na bi unguwa na tara. Yini da rabi muka yi a hanya, duwatsu a kan katifa, mu a kan ƙarfe. A wani shinge jandarma ya leƙa baya, ya ga abubuwa tara lulluɓe da bargo, ya cire hula ya ce, "Hatsari ne?" Madam Odet ta miƙa masa takarda. Ya karanta, ya ɗaga bargo ɗaya, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce mu wuce, kada mu tsaya a garinsu.

Mutanen ƙauye sun rufe ramukan da ganye don kada su rushe. Da na cire ganyen ramin farko na zura hannu, sai na taɓa ƙananan duwatsu uku a ƙasa, an jera su su tallafi gindin babban, ɗaya ta gefen gangare ya fi kauri. Haka Papa Kwajo ke yi. Haka nake yi. Wani mutum da ba a san sunansa ba ya tsuguna a nan, ya dubi inda ruwa zai bi, ya zaɓi wannan 'yar tsakuwa ya ƙi waccan. Na daɗe da hannuna a ramin har Madam ta tambaya ko wani abu ya cije ni.

Ita tana da zane da lambobi, ni ina da dutsen. Kowane yana ɗauke da shaidarsa: layin da ƙasa ta ci ya nuna zurfinsa, gefen da ruwa ya fi duka ya fi santsi. Shida suka zauna lafiya. A na bakwai muka saɓa. Ta ce bisa hoto ramin gabas ne nasa. Na ce gindinsa bai yarda ba. Ta ce, "Mushe Isuhu, shekara goma ina nazarin wurin nan." Na ce to. Muka sauke shi a ramin gabas, ya tsaya yana rawa kamar haƙorin yaro. Muka cire, muka kai ramin da na ce, ya zauna da wata ƙara guda ɗaya, tsit, ko takarda ba za ta shiga ba. Ta dubi hotonta, ta juya shi sama da ƙasa, ta ce wani abu da Faransanci wanda ba a koyarwa a lakwal. Ta juya ga Papa Anatol ta ce, "Papa, ka sani?" Ya ce ya sani. "To me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "Ba ki tambaye ni ba. Hoto kika tambaya."

Da takwas suka tsaya, ba sauran wurin ɓuya. Na yaye buhu. Guntaye biyu, da yankan inji fari fat a tsakani, ya raba zoben gida biyu. Madam Odet ta zauna a ƙasa. Na yi sauri na ce zan iya haɗa shi da ƙarfe a ciki da siminti mai launi, ko in sassaƙa sabo wanda ko ita ba za ta gane ba. Ta ce abin da take tsoro ke nan. Ta ce ba a yi wa wurin nan ƙarya: abin da ya karye ya karye.

Papa Anatol ya tsuguna ya ɗora hannu a kan guntun sama, ya kira sunansa, ya daɗe. Sannan ya ce, "Wa ya yanka?"

Na iya cewa Halidu. Yana Kongo, layin ba kyau. Na ce, "Ni ne, Papa. Da hannuna."

Ya ce, "To kai za ka kwantar da shi. Kusa da raminsa, fuska sama. Duk wanda ya zo ya tambaya, za a gaya masa."

Haka aka yi. Takardata ba ta je kotu ba. Daga baya ma ofishin ya ba ni aikin 'yar gajeruwar katanga a gindin tudun, ta dutse zalla ba siminti, don kada mota ta sake hawa. Daga wannan aikin ne mutane suka fara dawowa shagona da kaɗan-kaɗan.

Bara na ce bari in je in duba ko katangar ta motsa. Na tarar an yi rumfa, an sa wani mutum mai riga da hula iri ɗaya yana zagayawa da baƙi. Bai san ni ba. Na bi bayan wasu Turawa da 'yan birni ina saurare. Da aka zo kan karyayyen, sai ya rage murya.

Ya ce, "Wannan wani Bahaushe ne daga Libreville ya yanka shi. Kafin sati hannunsa na dama ya shanye. Kafin wata idanunsa suka rufe. Ya mutu yana ihu yana kiran sunan dutsen."

Na zura hannuwana cikin aljihu. Na sulale na gangara ƙauye, na tarar da Papa Anatol a ƙarƙashin mangwaro, ya ƙara tsufa amma idon nan yana nan. Bayan gaisuwa na ce, "Papa, ka ji abin da mutumin can ke faɗa a kaina?"

Ya ce, "Na ji. Da farko gaskiya muke faɗa: ya yanka, ya yi nadama, ya dawo da su, yana nan lafiya. Sai baƙi suka riƙa cika aljihu da tsakuwa, wani ma ya zo da guduma. Da hannunka ya shanye, abin ya ragu. Tun da ka mutu kuwa, ko ganye ba a tsinka ba." Ya dafa gwiwata. "Ɗana, katangarka tana da kyau, amma mutuwarka ta fi ta aiki. Kada ka ɓata mana."

Na sake hawa tudun in ɗauki jakata da na bari a can. Baƙin suna nan tsaye a kan karyayyen dutsen, ba mai matsawa kusa. Wata mata 'yar birni ta ga hulata da rigata, ta ce, "Papa, kai ma Bahaushe ne, ko? Ka san mutumin?"

Na ce, "Na san shi, madam. Gwanin aiki ne, tambaya ce kawai ba ya yi. Allah ya jiƙansa."